Zaɓen Rago a Filin Gasa: Siffar Asali da Haɗarin Wuce Gona da Iri

A duk lokacin da ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoma ta shirya bikin nunin amfanin gona, akan keɓe wani sashe na fili domin dabbobi, kuma galibi malamin gona ko jami'in kula da lafiyar dabbobi ake ɗora wa nauyin alƙalanci. A yankin Gashuwa da Nguru, inda da wuya a shiga gida daga unguwar Katuzu har ƙauyukan Jakusko da Karasuwa ba a tarar da turken tumaki ba, sashen raguna shi ya fi tara jama'a. Da zarar an shigo da dabbobin, 'yan kallo sukan yanke nasu hukuncin tun alƙali bai buɗe takardarsa ba. A wurinsu, ragon da ya fi kowanne tsayi da ƙiba, mai kunnuwa har wuya da ƙahoni masu ban tsoro, shi ne zakara.

Alƙalin da ya bi shewar jama'a ba zai sha suka a ranar ba. Sai dai hukuncinsa ba ya ƙarewa a filin. Ragon da ya ci gasa shi maƙwabta za su riƙa kai wa tumakinsu barbara, 'ya'yansa za a saya da tsada, kuma siffarsa ce masu kiwo za su sa a gaba a shekara mai zuwa, kowa yana neman ya zarce ta. Tunkiya takan haifi ɗa ɗaya ko biyu, amma rago guda yana iya hawan tumaki 30 zuwa 40 a lokacin barbara ɗaya. Saboda haka duk aibin da alƙali ya saka wa da kyauta a yau, zai same shi ya bazu a garkunan gari cikin 'yan shekaru.

Tambayoyi biyu ne ya kamata su jagoranci mai alƙalanci, da ma duk manomin da ya je kara neman ragon iri. Ta farko, shin wannan dabba ta yi kama da jinsinta? Ta biyu, shin siffofin da suka sa ta yi kama da jinsin nata sun tsaya a iyakar amfani, ko sun wuce gona da iri har sun zama cuta?

Mene ne siffar asali?

Siffar asali ita ce tarin alamomin da mutum zai gani daga nesa ya ce wannan Balami ne, wancan Uda ne, ba tare da ya tambayi mai shi ba. Tun a shekarar 1979 masana biyu, Adu da Ngere, suka rubuta bayanin jinsunan tumakin Najeriya, amma har yau abin da makiyaya suka riƙe a ka game da wannan al'amari ya fi abin da ke kan takarda yawa. Jinsi uku ne suka fi shafar arewacin Jihar Yobe.

Balami shi ya fi duk tumakin ƙasar nan girman jiki, kuma arewa maso gabas ce cibiyarsa. Fari ne fat, gashinsa gajere, ƙafafunsa dogaye, kunnuwansa manya masu saukowa, wutsiyarsa siririya mai tsawo. Babbar alamarsa ita ce doron hanci mai tudu, wanda ke bambanta shi da ɗan ƙasa ko da launinsu ya zo ɗaya. Ragon yana da ƙaho, tunkiyar kuwa galibi ba ta da shi.

Uda ba ya ɓuya. Rabin jikinsa na gaba baƙi ne ko ja, rabin baya fari, kamar an ja layi a tsakiyar ciki. Ƙahonin ragon sukan murɗe su bazu gefe da gefe. Wannan jinsi ne na Fulani Udawa, waɗanda ke kai da kawo da manyan garkuna tsakanin Jamhuriyar Nijar da arewacin Najeriya, kuma duk ƙirar jikinsa ta matafiyi ce.

'Yankasa su suka fi yawa a faɗin Arewa. Farare ne masu baƙi-baƙi a kewayen ido da kunne da baki, wani lokaci har da ƙafa. Kunnuwansu ba su kai na waɗancan biyun tsawo ba, ragon kuma yana da geza a wuya da ƙirji. Ragon da ya kai girma yakan yi kilo 30 zuwa 45.

Ya kamata malamin gona ya lura cewa kusan kowace alama a cikin waɗannan tana da aikin da take yi. A ƙasar da ruwan sama bai cika wuce milimita 500 a shekara ba, zafi kuma yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, dogayen ƙafafu suna ɗaga jiki daga rairayi mai zafi, suna kuma kai dabba makiyaya mai nisa ta dawo rijiya. Farin gashi gajere yana mayar da hasken rana. Faffaɗan kunne yana taimakawa wajen fitar da zafin jiki. Fari da yunwa da tafiya ne suka tace waɗannan siffofi shekara da shekaru, tun kafin a san wani abu wai shi gasa. Wanda ya fahimci aikin siffa, zai gane inda ƙarinta ya daina amfani.

Darasi daga gasar karnuka

Mai karatu zai iya mamakin abin da ya kawo kare cikin zancen raguna. Dalili shi ne an daɗe ana yi masa alƙalanci bisa rubutacciyar siffa, kuma babu inda illar wuce iyaka ta fito fili kamar a can. A Ingila aka fara gasar nunin karnuka a shekarar 1859, aka kafa ƙungiyar masu kiwonsu ta ƙasa a 1873, sa'an nan babbar gasar Crufts ta soma a 1891. Kowane jinsi aka rubuta masa siffarsa dalla-dalla.

Ɗauki karen da ake kira Buldog. A zane-zanen farkon ƙarni na 19 kare ne mai ƙafafu sosai da baki mai ɗan tsawo, wanda ke iya gudu da kokawa da bijimi. Rubutacciyar siffarsa ta ce a so gajeren baki da babban kai da faɗin ƙirji. Babu alƙalin da ya yi niyyar ɓata shi. Abin da ya faru shi ne, duk sanda aka jera karnuka biyu masu gajeren baki, sai a zaɓi wanda nasa ya fi gajarta, masu kiwo kuma su koma gida su haɗa mafi gajarta da mafi gajarta. Bayan shekara ɗari aka wayi gari da kare mai wahalar numfashi, wanda ba ya jure zafi, fatar fuskarsa ta naɗe tana ruɓewa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwarsa sai da tiyata, domin kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugun uwar. Haka karen nan na Jamus da 'yan sanda ke aiki da shi: an so bayansa ya ɗan gangara, sai na filin gasa suka koma tafiya kamar masu ciwon kwankwaso.

A shekarar 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri da ya tona wannan al'amari, har ya daina watsa gasar Crufts daga shekarar da ta biyo baya. A 2009 ƙungiyar ta sake duba rubutattun siffofin domin cire kalmomin da ke ingiza masu kiwo zuwa wuce iyaka. A 2012 aka sa likitocin dabbobi su duba zakarun jinsi 15 da ake zargi, shida suka faɗi, ciki har da Buldog, aka hana su kambin da alƙalai suka riga suka ba su. Ƙasar Holan ma ta fara aiki da ƙa'ida a 2019 wadda ta hana haɗa karen da tsawon bakinsa bai kai kashi ɗaya bisa uku na tsawon ƙoƙon kansa ba.

Akwai wani kare na yankinmu na Sahel da ya shiga irin waɗannan gasanni, wato Azawak, na Buzaye da maƙwabtansu a Nijar da Mali da Burkina Faso, ɗan'uwan siraran karnukan da mafarautanmu ke fita da su. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta karɓe shi a 2019, kuma rubutacciyar siffarsa ta ce dole a ga haƙarƙari uku zuwa biyar a jikinsa idan nauyinsa daidai yake. Wato an gane cewa ƙiba a jikin dabbar da aka halitta domin gudu a sahara fita ce daga asali.

Dabbobin gona ma ba su tsira ba

Kada a ɗauka wannan cuta ta masu kiwon sha'awa ce kaɗai. A Amurka, cikin shekarun 1940 da 1950, alƙalan gasar shanu sun raja'a a kan gajerun bijimai masu dunƙulallen jiki, musamman a jinsin Hereford. Ana cikin haka sai wadanni suka fara ɓullowa a garkuna, maruƙa masu kumburin ciki da minshari waɗanda ba sa girma, domin a cikin bijiman da aka fi yayi akwai masu ɗauke da wannan gado a ɓoye. Sai da aka yi shekaru ana gwaji ana fitar da zuriya sukutum kafin a shawo kan abin.

Labarin da ya fi kama da halinmu shi ne na tumakin Merino a Ostireliya. A shekarun 1880 aka shigo da raguna daga jihar Vermont ta Amurka masu fata naɗe-naɗe, bisa tunanin cewa yawan fata shi ne yawan ulu. Suka cinye gasanni, aka saye su da kuɗi masu yawa. Daga baya aka gane naɗin fatar matattarar danshi ce inda ƙudaje ke zuba tsutsa, haihuwarsu kuma ba ta da yawa. Da babban farin da ya fara a 1895 ya tsananta, su ne suka kasa jurewa. Duk wanda ya ji labarin farin 1973 da na 1984 daga bakin dattawan Machina ko Yusufari ya san cewa irin wannan jarrabawa tana nan tafe a kowane zamani, kuma ba ta duba takardar gasa.

A nan Afirka ta Yamma, ƙasar Senegal ce ta fi nisa a wannan hanya. Tun daga shekarun 1970 masu kiwo a garin Thiès suka haɗa tumakin Muritaniya da Bali-bali na Mali suka fitar da ragon Ladum, wanda tsayinsa a kafaɗa yakan wuce mita ɗaya, nauyinsa ya haura kilo 100. Daga 2009 aka fara wata gasar talabijin mai suna Khar Bii domin zaɓen ragon da ya fi kyau, kuma zakarun Ladum sukan yi kuɗin mota. Hotunansu suna yawo a wayoyin matasan masu kiwo a garuruwanmu, tare da na ragunan da 'yan kasuwa ke kira 'yan Sudan. A ganina akwai abin koyi a wurin masu Ladum, musamman yadda suke riƙe tarihin uwa da uba na kowace dabba. Amma rago ne na ɗaki da inuwa da abincin buhu. Manomin da zai saki tumakinsa su bi gonaki bayan girbi su ci kara da 'ya'yan gawo, wani abu dabam yake bukata.

Inda ƙari ke zama aibi a jikin ragunanmu

A fara da baki, domin shi ake yawan mantawa. Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama. Haƙoran ƙasa ne ke haɗuwa da wani tauri na dasashin sama su tsinke ciyawa. Doron hancin Balami alama ce ta asali, amma idan aka yi ta bin wanda nasa ya fi tudu, muƙamuƙin sama yakan gajarce, haƙoran ƙasa su zarce gaba su daina haɗuwa da dasashin. An ga ƙarshen wannan hanya a awakin Sham na gasar ƙasashen Larabawa, waɗanda fuskarsu ta koma kamar an datse ta. Dabbar da ake zuba wa dusa a kwano za ta rayu da irin wannan baki. Wadda za ta tsinci guntuwar ciyawa a watan Afrilu kuwa ramewa za ta yi a tsakiyar 'yan'uwanta. Wannan aibi ana gadonsa. Wajibi ne alƙali ya buɗe leɓen kowane rago ya shafa da yatsa, ya tabbatar haƙoran sun sauka a kan dasashin daidai.

Kunne kuwa, idan ya wuce misali, ƙaya da ƙarangiya ne ke yayyaga shi, yana tsomawa cikin kwamin ruwa, ƙudaje su bi gyambon. Ya isa a ce kunnen Balami ko na Uda ya sauko ya yi faɗi yadda aka san jinsin. Ƙarin tsawo bayan haka ba ya ƙara nama ko nono.

Ƙaho abin ado ne, kuma shi ke fara ɗaukar ido. Abin dubawa shi ne hanyar da ya bi. Idan yatsu biyu ba za su wuce tsakanin ƙaho da kumatu ba, to nan gaba zai danne fuska ko ya tsone ido, sai an yi ta yanke shi. Ƙahon Uda mai bazuwa gefe asali ne, ba a rage masa maki a kansa muddin ɓangarorin biyu sun daidaita.

Sai batun tsayi. Akwai ragon da za a gani dogo ƙwarai, amma ƙirjinsa a tsuke, cikinsa ba zurfi, cinyarsa ba tsoka. Irin wannan ƙafa ce kawai. Zurfin ciki shi ne wurin da tumbi ke zama, kuma dabbar da za ta rayu da kara da busasshiyar ciyawa tana bukatar babban tumbi. A duba ƙafafun baya da kyau: idan gwiwar ta miƙe sak kamar turke, ko idon sawun ya kwanta har yana neman taɓa ƙasa, ragon ba zai daɗe yana hawa ba, domin duk nauyinsa a kan ƙafafun baya yake komawa lokacin barbara. Haka kuma ɗora ƙaton rago a kan ƙaramar tunkiya 'yar ƙasa yana iya jawo wahalar haihuwa.

Girman jiki yana da kuɗinsa, kuma yana da kyau malamin gona ya yi wa manomi lissafin a fili. Tunkiya takan ci busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta kowace rana. Mai kilo 35 za ta ci kusan kilo ɗaya, mai kilo 60 kuwa kusan kilo 1.8. A cikin wata takwas na rani, bambancin ya kai kimanin kilo 180 a kan tunkiya ɗaya. Wanda ke da gona a fadamar Kogin Yobe, yana da harawa da ƙowa da bambaron shinkafa a ajiye, zai iya ɗaukar wannan nauyi, kuma Balami zai biya shi. Wanda ke kan tudu ba shi da rumbun harawa, sai ya yi tunani sau biyu.

Ƙiba

Hausawa na cewa alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba. A ragon iri, alamar ce kawai. A nan ne alƙalanci ya fi karkacewa, saboda idonmu ya saba da ragon layya, wanda ƙiba a jikinsa abin so ce kuma ita ake biya. Ragon layya an turke shi wata uku ko huɗu domin rana ɗaya. Ragon iri kuwa ana so ya yi shekaru yana aiki.

Ido ba ya iya auna ƙiba, sai hannu. A ɗora tafin hannu a gadon baya, bayan haƙarƙarin ƙarshe, a danna. Ma'aunin da ake amfani da shi daga 1 ne zuwa 5. A mataki na 1 ƙashin baya yana da kaifi kamar wuƙa, yatsu suna shiga ƙarƙashin ƙasusuwan gefe. A mataki na 3 ana jin ƙashin idan an danna, amma tsoka ta cika gefe da gefe. A mataki na 5 ba a jin ƙashi ko kaɗan, har wani kwari yakan fito a tsakiyar baya saboda kitse. Ragon iri ya tsaya a 3 zuwa 3 da rabi. Wanda ya kai 5 a rage masa maki kamar yadda za a rage wa na 1.

Dalilan a fili suke. Maraina suna bukatar su fi sauran jiki sanyi da 'yan digiri kafin su samar da maniyyi mai kyau, shi ya sa suke rataye a waje. Kitsen da ya taru a wuyan jakarsu yana riƙe zafi, ga kuma zafin bazara. Samar da maniyyi a jikin rago yana ɗaukar kimanin mako bakwai, don haka ragon da zafi ko zazzaɓi ya taɓa yau, sai bayan kusan wata biyu zai dawo daidai, ko da kuwa yana hawa. Bugu da ƙari, ƙaton rago mai kitse ba ya son bin tumaki, yana haki, yana neman inuwa.

Hanyar da ake bi a kai ga wannan ƙiba ma tana da nata haɗari. Yawan dusa da hatsi ba tare da isasshiyar harawa da ruwa ba yana haddasa tsakuwa a mafitsara, wadda ke toshe hanyar fitsarin rago, a gan shi yana yunƙuri yana nishi, sau da yawa kuma yanka ne ƙarshensa. Yawan hatsi farat ɗaya yana sa tsamin tumbi, wanda ke sauka a kofato ya bar dabba da ɗingishi da kofato mai zobe-zobe. Alƙalin da ya ɗaga ƙafa ya duba kofato zai karanta tarihin ciyarwar ragon a can. Tumaki mata ma haka: 'yar tunkiyar da aka cika wa kitse tun tana ƙarama, kitsen yakan mamaye hantsa ya rage nono.

Yadda za a tsara alƙalancin

Mafi yawan rigimar filin gasa tana mutuwa idan aka raba aji tun farko. A ware ragunan turke, waɗanda za a auna da nauyi da cikar nama, daga ragunan iri. A cikin na iri a raba Balami da Uda da 'Yankasa, domin jera ɗan ƙasa kusa da Balami a ce wa ya fi girma zalunci ne. Ruwa-biyu suna da yawa a kasuwanninmu, kuma da dama cikinsu dabbobi ne nagari. A ba su ajinsu, kada a kore su, kada kuma a ba su kambin jinsin da ba nasu ba.

Shekaru kuma a duba su a baki. Manyan haƙora biyu na farko sukan fito tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, huɗu a wajen shekara biyu, shida a wajen shekara uku, takwas a wajen shekara huɗu. Bai dace a gwada mai haƙora biyu da mai takwas ba.

Kafin dabba ta shiga fili, jami'in lafiya ya tsaya a ƙofa. Mai majina, ko zawo, ko gyambo a baki, a mayar da ita gida, domin taro irin wannan hanya ce ta yaɗa annobar PPR. Bayan haka alƙali ya tsaya nesa kamar taku goma ya kalli kowane rago ta gefe da gaba da baya. A nan ake ganin asali da daidaituwar gaɓoɓi, ko kai ya yi wa jiki yawa, ko gaba ta fi baya. Sa'an nan a sa mai shi ya ja shi ya tafi ya dawo a kan ƙasa mai tauri. Daga nan sai hannu: baki, ido, ƙaho, gadon baya, kofato, maraina. Maraina su kasance biyu, girmansu ɗaya, masu tauri kamar tsokar dantse idan an ɗaure ta, ba kumburi ba ƙulli. Rago mai maraini ɗaya, ko mai karkataccen muƙamuƙi, ko mai fatar ido da ta naɗe ciki, ko mai kumburin cibiya, ya fita daga ajin iri kome kyansa.

Idan ana son rabon maki, shawarata ita ce a ba lafiya da alamun haihuwa 30, ƙafafu da tafiya 25, siffar asali 25, tsoka da zurfin jiki 20. Kwamiti na iya sauya wannan gwargwadon bukatar yankinsa. Abin da ba na so a sauya shi ne kada a ware wa tsayi ko tsawon kunne maki na kansu, domin duk abin da aka ce a auna da tef a ba mafi yawa kyauta, an buɗe masa ƙofar wuce iyaka ke nan.

Inda kyauta ta yi tsoka, algus yakan biyo baya. A gasar kyan raƙuma ta Saudiyya an kori raƙuma 12 a 2018 saboda an yi musu allurar Botox domin leɓunansu su ƙara saukowa. Namu algus ɗin bai kai can ba, amma an san ɗura wa dabba ruwan gishiri ko na kanwa domin ciki ya cika, da kuma ba ta magungunan sa ƙiba irin su dexamethasone, wanda ke raunana garkuwar jiki, yana kuma sa tunkiya mai tsohon ciki ta yi ɓari. Wanke rago da sabulu da sa masa lalle ba laifi ba ne. Maganin ɗurar ruwa shi ne a tara dabbobin awa biyu ko uku kafin a fara, a ƙarƙashin idon kwamiti.

Yana da kyau a sa dattijon makiyayi ɗaya ko biyu cikin alƙalan. Bafulatanin da ya tashi cikin Uda yana ganin abin da takardar makaranta ba ta koyar ba, kuma kasancewarsa yana sa jama'a su yarda da hukunci. Bayan an yanke, wajibi ne alƙali ya ɗauki lasifika ya faɗi dalilinsa, da Hausa, a kuma fassara da Badanci ko Barbarci ko Fulatanci idan da bukata. Ya kama ragon da ya zo na ɗaya da wanda jama'a suka so, ya buɗe bakinsu, ya kira mutum biyu ko uku su danna bayansu da hannunsu. Wannan minti goma ɗin ya fi kyautar kanta amfani ga aikin malamin gona.

A ƙara aji ɗaya da ba a cika yi ba, wato na tunkiya tare da 'ya'yanta. Mata ne ke riƙe da yawancin tumakin gida a wannan yanki, kuma su suka san wadda ke haihuwa sau uku cikin shekara biyu, da wadda ke yin tagwaye ta shayar da su ba tare da ta faɗi ba. A tambayi mai ita haihuwa nawa ta yi, nawa suka rayu, a duba hantsa da nonuwa biyu, a duba jikin 'ya'yan. Malamin gona ya rubuta sunan unguwa da jinsi da haƙoran kowace dabbar da ta yi nasara, da matakin ƙibarta a ranar. Cikin tunkiya wata biyar ne, saboda haka kafin gasa ta zagayo 'ya'yan zakaran bana sun fara tasawa. Sai ya bi gidajen da aka kai tumaki barbara, ya ƙirga nawa suka ɗauki ciki, nawa suka haihu ba da taimako ba, ya buɗe bakin 'ya'yan ya duba haƙoransu, ya kawo littafin gaban kwamiti kafin a zauna tsara makin baɗi.